Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Kallon Fim da Littafi a Hammata

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ina fata Zariya lafiya, ina kuma fata tsadar tsaki ba ta taɓa mutuncin fate ba.

Labari ya iso Kano cewa ka kafa kotu a majalisarku ta Tudun Wada, ka gurfanar da fim ɗin Dune, kashi na ɗaya da na biyu, ka yanke masa hukunci ko lauya babu. Wai kyan hoto ne kawai, ciki fanko. Wai darakta ya ci amanar littafi. Wai duk wanda bai karanta Frank Herbert daga bango zuwa bango ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Har an ce ka taɓo Kanawa, ka ce mu da an nuna mana wuta da ƙura da ƙara shi ke nan sai tafi. To, tunda a bainar jama'a ka yi, a bainar jama'a za ka karɓi sakamako.

Mu fara da tambayar da ba ka so a yi: a ina ka kalla? Kada ka wahalar da kanka, yaron shagon da ya tura maka ya riga ya yi bayani. A waya ka kalla, wayar nan taka mai tsagaggen gilashi da ka ɗaure bayanta da robar ɗaure kuɗi. Fim na awa biyu da minti 35, an matse shi har fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, kana kallo kana korar ƙuda, ana sallama kana dakatarwa, da caji ya yi ƙasa ka rage haske. Shi kansa daraktan, Denis Villeneuve mutumin Kanada, da aka ce za a saki kashi na ɗaya a sinima da manhajar HBO Max rana guda a Oktoban 2021, ransa ya ɓaci, ya ce kallon Dune a talabijin tuƙin jirgin ruwa mai gudu ne a cikin bahon wanka. Talabijin fa ya ce. Kai ko bahon ba ka samu ba, a moɗa ka yi naka tuƙin, sannan ka fito kana ba mutane labarin teku.

Kada ka ce na raina littafin, na san asalinsa. A 1957 Herbert, yana ɗan jarida, ya je garin Florence na jihar Oregon a Amurka don ya rubuta rahoto kan yadda ma'aikatan gona na gwamnati ke dasa ciyawa su tsai da tudun rairayi da ke cinye hanyoyi. Rahoton bai fito ba, amma rairayin ya shiga kansa ya ƙi fita. Mujallar Analog ta riƙa buga labarin kashi-kashi daga 1963, sannan kamfanonin ɗab'i sama da 20 suka ce ba sa so, ya yi tsawo, ya yi nauyi. Wanda ya karɓa a 1965 shi ne Chilton, kamfanin da aka sani da buga littattafan gyaran mota. Ka riƙe wannan, malam mai tinƙaho da birnin ilimi: littafin da kake ɗagawa sama, masana adabi ne suka kore shi, 'yan gareji suka ba shi masauki.

Saboda masu karatun da ba su san kan zancen ba, labarin wata duniya ce mai suna Arrakis, hamada zalla, ba a ruwan sama. A cikin rairayinta ake samun wani gari da suke kira yaji, wanda in babu shi matuƙa kumbo ba sa iya ratsawa tsakanin taurari. Don haka idon kowane mai mulki yana kanta, 'yan ƙasa kuwa, wato Fremen, an tura su cikin kogon duwatsu. Sarkin sarakuna ya karɓe duniyar daga gidan Harkonnen ya ba gidan Atreides, ashe tarko ne. Aka kashe Leto, maigidan, ɗansa Paul mai shekara 15 ya tsere cikin hamada da mahaifiyarsa Jessica. Can suka tarar da mutane suna jiran wani mai ceto da zai zo daga waje. Abin da Fremen ba su sani ba, ƙungiyar asiri ta mata da Jessica ta fito daga cikinta ce ta shuka wannan bushara tun ƙarnoni, don ranar da wata 'yarsu za ta nemi mafaka. Ka ga na taƙaita shafi ɗari huɗu da ɗoriya ban jefa Turanci ko ɗaya ba. Gwada mu gani.

'Yan kallon fim ɗin nan sun kasu gida-gida, kai kuwa ɗakinku kaɗai ka sani. Akwai waɗanda hoton ya haɗiye, kuma ba a ga laifinsu ba. Villeneuve da mai ɗaukar hotonsa Greig Fraser sun kwashi ma'aikata zuwa Wadi Rum a Jodan da hamadar Liwa ta Abu Dabi, suna farautar hasken fitowar rana da na faɗuwarta. Da suka zo nuna duniyar Harkonnen mai baƙar rana, sai suka ɗauka da kyamarar da ke kama hasken da idon mutum ba ya gani: launi ya ɓace, fata ta yi fari fat, idanu suka yi baƙi ƙirin, wasan wutar da ake harbawa sama ya koma ɗigon tawada.

Ni a sinima na kalli kashi na biyu, a Abuja, ga kuma abin da idona ya gani. An zo inda Paul zai hau ƙatuwar tsutsar rairayi, irin wadda Fremen ke hawa, karon farko. Ya tsaya a kan tudu, ya kafa turken kiran tsutsa mai buga ƙasa dum, dum, dum, ya ja da baya riƙe da ƙugiya biyu. Can nesa rairayi ya fara tafasa. Kujerata ta soma rawa tun ba a ga komai ba. Da tudun ya rushe da shi, allon duk ya zama ƙura, ba ka ganin komai sai hannu yana laluben wurin saƙala ƙugiya. Wani dattijo a gefena, da babbar riga da zanna bukar, ya ɗebo gugguru zai kai baki, hannun ya tsaya a hanya, bai ƙarasa ba bai dawo ba, har sai da yaron ya miƙe a gadon bayan dabbar. Sai na ji ya ce, "Kai! Allah ya isa tsakanina da talabijin ɗin gidana." Villeneuve ya ce kwana 44 aka yi ana ɗaukar waɗannan 'yan mintoci.

Ba dattijon nan kaɗai ba ne. Kashi na ɗaya, duk da annobar korona da sakinsa a intanet, ya tara sama da dala miliyan 400, ya kwashi Oscar 6, ciki har da na ɗaukar hoto da na sauti da na kiɗan Hans Zimmer. Kashi na biyu da ya fito 1 ga Maris 2024 ya haura miliyan 700. A New York sai da aka ƙara nuni da ƙarfe uku na dare saboda kujeru sun ƙare. Steven Spielberg, wanda ba yaro ba ne a sana'ar, ya sa shi cikin fitattun finafinan almarar kimiyya da ya taɓa gani. Duk waɗannan a ganinka Kanawa ne?

Akwai kuma masu gyangyaɗi, ba zan ɓoye su don in ci gardama ba. Suka ce fim ɗin sanyi gare shi, kowa raɗa yake yi, ba mai dariya, a tsaya a kalli tudu, a kalli mayafi iska tana kaɗawa, tallan turare ne kawai aka ja shi ya yi tsawo. Masoyan Zendaya, wadda ta fito a Chani, 'yar Fremen masoyiyar Paul, sun fi kowa jin haushi a 2021: fuskarta ta cika allunan talla, suka biya kuɗi, suka same ta kimanin minti bakwai, yawanci ma a mafarki tana waiwaye. Ga kuma wayon da aka yi musu. A takardun talla Dune kawai aka rubuta, sai da aka kashe fitila allo ya nuna kashi na ɗaya ne. Mutum ya zauna awa biyu da rabi, labari ya fara ɗaukar zafi, sai sunaye suka fara hawa. A lokacin kamfani ko amincewa da kashi na biyu bai yi ba, sai bayan 'yan kwanaki da ya ga ciniki. Dala aka nuna musu, shiga birni sai bayan shekara biyu da watanni. Waɗannan ina ganin girmansu, domin abin da ya same su suka faɗa.

Sai ɗakinku, masu shiga kallo da littafi a hammata da biro a kunne. Na ga takardar ƙorafinka, wadda ka rubuta a bayan rasit ɗin kuɗin wuta. Ina liyafar cin abinci da aka yi a fadar Arrakeen, inda manya ke sukar juna da murmushi? Ina Thufir Hawat, mashawarcin gidan Atreides, a kashi na biyu? Me ya sa ba a bayyana dalilin rashin kwamfuta a zamanin da ake ratsa taurari ba? Ina ɗan da Chani ta haifa wa Paul aka kashe shi yana ƙarami? Me ya sa shekarun da Paul ya yi a hamada suka koma watanni, har ƙanwarsa Alia, wadda a littafi ita ta kashe Baron, shugaban gidan Harkonnen, tana 'yar ƙanƙanuwa, ta ƙare fim tana ciki ba a haife ta ba? Duk gaskiya ne, ba ka ƙara gishiri ba. Ɗaya ne kawai ya ba ni dariya, inda ka ja layi biyu a ƙarƙashi: wai Liet-Kynes namiji ne a littafi, aka ba Sharon Duncan-Brewster, mace, ta fito a matsayinsa. Bawana, kai da a garinku ake cewa "matana ya dawo daga kasuwa", yaushe ka fara bambance mace da namiji?

Abin da kuke nema an taɓa ba ku, kuka tofar. A 1984 David Lynch ya yi ƙoƙarin cusa littafin nan duka a fim ɗaya. Herbert yana da ɗabi'ar shiga kan kowane mutum ya gaya maka abin da yake saƙawa, sai Lynch ya bi shi sau da ƙafa: jarumi ya yi shiru yana zare ido, murya tana raɗa tunaninsa. Abin ya cakuɗe har sai da kamfani ya buga takardar ma'anar kalmomi ana raba wa 'yan kallo a ƙofar sinima, wai a karanta a cikin duhu. An kashe kimanin dala miliyan 40, uwar kuɗi ba ta dawo ba, Lynch kansa ya barranta da fim ɗin. Alia tana nan, Thufir yana nan, raɗar zuci tana nan. Amma a ƙarshe aka sa Paul ya kawo ruwan sama a Arrakis, ya tabbata mai ceto na gaske, wato daidai akasin abin da marubucin ke nufi. Kaya sun isa a cike, amanar ce ta faɗi a hanya.

Rigimar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, har zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, matsalar guda ce: mai karatu ya riga ya shirya nasa fim ɗin a ka, ya zaɓi fuskoki, ya gina gidaje, bai kashe ko sisi ba, don haka ba mai kyamarar da zai gamsar da shi. Villeneuve kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce yawan surutu na dandamali ne da talabijin, ƙarfin sinima hoto ne da sauti. Duba yadda ya koyar da darajar ruwa. Stilgar, shugaban Fremen, ya kai Jessica bakin tafkin ƙarƙashin ƙasa inda suke tara ruwan jikin matattunsu. Hawaye ya zubo mata. Ya sa yatsa ya ɗauke ɗigon daga kumatunta ya kai bakinsa. Bayan wannan wa ke bukatar lacca?

Akwai wani gida da ya fi naku hujja, ko ambatonsa ba ka yi ba. Su ne Larabawa da Musulmi da mutanen hamada da suka kalli fim ɗin suka ga kayansu a jikin wasu. Aron da Herbert ya yi ba ɓoyayye ba ne: ya ɗebo daga littafin Lesley Blanch kan Imam Shamil da yaƙinsa da Rasha a duwatsun Kaukasus, ya cika labarinsa da Larabci, har ya ce kamfanin da ke juya cinikin yaji OPEC ce. Fim ya riƙe Mahadi da Lisanul Gaibi, sunayen mai ceton da ake jira, da mayafai, amma ya rage Larabcin a harshen da aka ƙirƙira wa Fremen, ya cire jihadin da ya cika littafin ya sa "yaƙi mai tsarki". Wasu Musulmi suka ce gara haka, an gaji da jin kalmar a finafinan Amurka tare da ƙarar bam. Wasu suka ce a'a, an ɗebi al'adar mutane an share sunansu. Suka kuma tambaya: cikin manyan 'yan wasan da suka fito a Fremen a kashi na ɗaya, ina Balarabe, ina ɗan Arewacin Afirka? Stilgar ɗan Sifaniya ne, Javier Bardem. Mu dai 'yan Nijeriya an ba mu Babs Olusanmokun, haifaffen Legas, a matsayin Jamis, ya yi faɗa mai kyau, aka kashe shi kafin a tashi.

Daga baya na sake kallon kashi na biyu a gida, wato a baho, tare da wani abokina mutumin Agadas mai sana'ar azurfa. Shi bai san Herbert ba. Yana kallo yana juya shayi tsakanin kofuna. Da aka nuna jarumai tsakar rana fuska a buɗe suna hira, ya nuna allo da ɗan kofinsa ya ce, "Waɗannan ba su kwana a hamada ba. Ina rawani? Ko leɓensu bai tsage ba." Da aka zo kan yaji da baƙin da ke haƙa suna kwashewa, ya ce wannan ba sai an fassara masa ba, a Arlit, garin haƙar ma'adinai, ya yi ƙuruciya. Inda ya ajiye kofin gaba ɗaya shi ne da ya ga yaron da ya zo jiya ya hau tsutsar da ta fi ta kowa girma. Ya ce, "Haka suke. Baƙo ya zo da rani, kafin damina ya fi ka sanin rijiyar kakanka." Sharhinsa na zama ɗaya ya fi takardarka ta bayan rasit nauyi.

Saura gidan da ya fi kowanne yawa, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami: waɗanda suka fito daga sinima suna ihun "Lisanul Gaibi!" Ka tuna yadda aka yi da Stilgar. Duk abin da Paul ya yi, sai ya zare ido ya ce alama ce. Da yaron ya ce shi ba Mahadi ba ne, Stilgar ya juya ga mutanensa ya ce tawali'un nan ma hujja ne. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Hoton Bardem ya bazu a Facebook da X da TikTok, ɗan ƙwallo ya ci a liƙa masa, wani ya gyara janareta a liƙa masa. To amma can gaba Paul ya kutsa cikin taron dubban Fremen a kudu, ya daka tsawa, ya gaya wa mutum sirrin da ba wanda ya sani, ya ce shi ne wanda ake jira, gangunan Zimmer suka tashi. Mutanen nan da suka gama yi wa Stilgar dariya, tsigar jikinsu ta tashi, wasu har da tafi. A gabansu aka ɗana tarkon, suna gani, sannan suka taka shi da ƙafarsu suna murna.

Abin da ya dami Herbert ke nan tun yana raye. Shi gargaɗi ya rubuta. Ya ce shugaba mai farin jini kamata ya yi a liƙa masa takarda a goshi cewa yana iya cutar da lafiya. Masu karatu kuwa, irinka, suka rungumi Paul a matsayin gwarzo. Sai ya fito da Dune Messiah a 1969, inda aka yi lissafin abin da yaƙin Paul ya ci cikin shekara 12: rai biliyan 61. Editan Analog da ya buga na farko ƙin karɓar wannan ya yi, don an rusa masa gwarzo. Ka ga ke nan ba 'yan kallo ne suka fara ɓata hanya ba, 'yan karatu sun riga su da shekara kusan sittin.

Yanzu dawo kan babban laifin da ka ɗora wa darakta, wanda ka rubuta da manyan baƙaƙe: ya canza Chani. Gaskiya ne. A littafi Chani ta bi Paul, ta haƙura ya yi auren siyasa da gimbiya Irulan ita ta zauna a matsayin ƙwarƙwara, littafin ma ya rufe ne da Jessica tana ba ta baki. A fim kuwa tun farko ta ce busharar nan dabara ce ta bautar da su. Da kowa ya durƙusa, ita ta tsaya ƙyam. Da jirage suka tashi zuwa yaƙi, ta juya baya ta fita hamada ita kaɗai ta kafa turkenta, fim ya ƙare a kan fuskarta. Villeneuve ya faɗi dalili, ya ce ya san Herbert bai ji daɗin yadda aka fahimci littafin ba, shi ya sa ya nemi ya gyara tun daga nan. Kyamara ba ta iya shiga kan Paul ta nuna tsoron da yake yi wa kansa, sai aka ɗauki tsoron aka ba wata, aka yi masa baki da ƙafa. Wurin da ka ce an ci amana, a nan ne aka biya marubucin bashin da masu karatunsa suka ci.

Wani ƙarin da fim ya yi shi ne raba Fremen biyu: 'yan arewa masu tambaya da tantama, da 'yan kudu waɗanda da an ce ga shi nan sai su zube. Ni ban ce komai ba. Taswira kawai na buɗe, na ga Zariya kudu take da Kano. Uwargidanka kuma ta gaya wa tawa cewa daren da ka kai wurin jawabin nan, da abin sauraro a kunne, ka diro daga gado kana ihun Lisanul Gaibi har yara suka farka, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko ɓarayi ne. Da a sinima ne sai an sa ƙarti sun riƙe ka.

Inda zan ba ka gaskiya guda ne, shi ma ba don halinka ba. Kyan hoton nan yana kokawa da saƙon. Biliyan 61 lamba ce a takarda, ba mai jin ta a jiki. Tsutsotsi kuwa suna keto guguwa da mayaƙa a bayansu, a allo mai tsayin bene, kowa zai so a ce yana cikinsu. Waɗanda yaƙin zai ci ba a nuna su ba sai a 'yan walƙiyar mafarki. Fuskar Chani kaɗai aka ɗora a gefe ɗaya na sikeli, ɗaya gefen ganguna ne da wuta da nasara. Kyan ɗan maciji ke nan. Amma ka lura, wannan ƙorafin wanda ya auna fim da ma'aunin fim ne, ba na mai ƙirga abin da aka bari a shafi kaza ba. Da shi ka kai majalisa da na aiko maka da goro. Kuma ba sai an je Arrakis ba za a ga mutum ya san sarai yadda ake ƙera gwarzo, ya yi wa maƙwabcinsa dariya, kakar zaɓe ta zo a gan shi a saman mota yana "sai wane".

Fim na uku yana tafe, daga Dune Messiah aka ɗauko shi, littafin da babu abin tafi a cikinsa sai sarki a kan karaga da makirci da nadama. A can za a gane wanda ya fahimci labarin. Ga sharuɗɗana. Ranar da ya fito ka hau mota a Kwangila ka zo, ni zan yanki tikiti, domin ɗawainiyar bawa a kan ubangidansa take. Littafi da biro za a karɓe su a ƙofa. In ganguna suka tashi ka ji ƙafarka tana motsi, ka damƙe hannun kujera, kada ka kunyata ni a gaban mutane. Murgunka na bara da na bana kuma har yau ban gani ba, ka haɗo da su. A wannan kam ni ma ɗan ɗakinku ne: yadda yake a rubuce haka za ka kawo, ba na karɓar taƙaitawa.

Ubangidanka,
Bakano.